Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Masu Riƙe da Wasanni da Yawon Buɗe Ido a Sakkwato: A Ba Mu Tsofaffin Filayen Tanis Mu Kawo Baƙi

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan da aka ɗora wa alhakin kula da wasanni, matasa, al'adu da yawon buɗe ido a Jihar Sakkwato,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma irin wanda ya kamaci na ƙasa ya yi wa na gaba, ina roƙon Allah ya ƙara muku lafiya, ya riƙa muku a kan amanar da ke wuyanku, ya kuma ja zamanin Mai Alfarma Sarkin Musulmi.

Ni tsohon malamin wasanni ne, na ƙare aikina ina koya wa yaran sakandare ƙwallon tebur da badmintan. Wannan takarda na rubuta ta da yawun wasu abokan aikina malaman wasanni, da matasan da muke horarwa da yamma, da kuma wasu dattawa 'yan fansho waɗanda likita ya umarce su da motsa jiki, ga shi gwiwa ta ƙi gudu. Abin da ya haɗa mu shi ne wasan da duniya ta sani da pickleball, mu kuma a nan muke kiransa fikilbol. Akwai kuma waɗanda ba su taɓa riƙe faifan bugu ba amma maganar ta shafi tukunyarsu, wato masu otal, da dukawan unguwar Madunka, da 'yan kabu-kabu, da masu kilishi, kuma na zauna da wasunsu kafin na ɗauki alƙalami.

Dalilin wasiƙar shi ne wani tsohon filin tanis da ke harabar wata ma'aikata ta gwamnati a cikin gari. Shekara da shekaru ba mai buga komai a kansa, simintin ya tsattsage, tumfafiya ta tsiro a tsagun, maƙwabta suna shanya tattasai a gefen da ya rage da santsi, awaki kuma suna kwana a ɗaya gefen. Mu muka nemi izini da baki, muka cire ciyawa, muka toshe ramuka da simintin da muka yi karo-karo muka saya, muka ja layi da farin fenti. Ragarmu ta farko tsohon gidan sauro ce da aka ninke aka ɗinka wa igiya. Wasa ya kankama, yara suna taruwa bayan la'asar, sai wata rana muka tarar an jibge yashi da bulo a tsakiyar filin, aka ce za a mayar da wurin wajen ajiye motoci. Babu wanda ya tambaye mu, kuma ba mu ce sai an tambaye mu ba, tun da fili ba namu ba ne. Abin da ya dame mu shi ne wanda ya yanke hukuncin bai san abin da ya binne a ƙarƙashin yashin ba.

Ranku ya daɗe, ku yi mini haƙuri in bayyana wasan a taƙaice, domin yawancin mutanenmu ba su taɓa ganinsa ba. A shekarar 1965 wasu magidanta uku, Joel Pritchard da Bill Bell da Barney McCallum, suka ƙirƙiro shi a tsibirin Bainbridge na jihar Washinton ta Amurka don su samar wa iyalansu abin yi a lokacin hutu. Filinsa daidai yake da na badmintan na 'yan bibbiyu, tsawo ƙafa 44, faɗi ƙafa 20, raga kuma ba ta wuce inci 36 a gefe da 34 a tsakiya. Ana bugawa da faifai mai kama da na ƙwallon tebur amma ya fi shi faɗi, ƙwallon kuma ta roba ce mara nauyi mai huji-huji. Daga ƙasa ake buga ƙwallon farko, kuma akwai ƙafa 7 a kowane gefen raga inda aka hana ɗan wasa ya tsaya ya doke ta a sama, abin da ya sa dabara da haƙuri suka fi ƙarfin damtse amfani. Wanda ya fara kai maki 11 da ratar biyu ya ci. Filin tanis guda ɗaya yana iya ɗaukar filayen fikilbol huɗu, wato mutum 16 a lokaci guda a wurin da a da mutum huɗu kaɗai yake ɗauka. Da idona na ga dattijo mai furfura ya tsaya kusa da raga, ba gudu ba tsalle, yana ɗan tura ƙwallo a hankali, ya gajiyar da saurayin da ya yi jika da shi.

Wasan da aka faro a bayan gida ya zama babbar harka. Ƙungiyar masu sana'ar kayan wasanni ta Amurka ta ƙiyasta masu buga shi a ƙasar da miliyan 13.6 a 2023, da miliyan 19.8 a 2024, kuma shekaru da dama a jere shi ne wasan da ya fi kowane saurin yaɗuwa a can. Jihar Washinton ta ayyana shi wasanta na hukuma a 2022, shekarar da shahararren ɗan ƙwallon kwando LeBron James ya zuba jari a gasar ƙwararrun fikilbol. Sai dai abin da ya fi shafarmu shi ne fitarsa waje. A 2017 aka yi gasar Kofin Bainbridge ta farko a Madrid, babban birnin Sifaniya, daga nan ta je Italiya, ta je Jamus. Birnin Lima na ƙasar Peru, wanda ba a san shi da wannan wasa ba a da, ya karɓi baƙuncin gasar kofin duniya a 2023 da 2024. A 2025 gasar ƙwararru ta shiga Asiya, aka buga a Maleshiya da Biyetnam da Japan da Hong Kong. Nan kusa da mu kuma, a wasannin Afirka da aka yi a Akara ta Ghana cikin Maris na 2024, an saka fikilbol cikin wasannin gwaji.

Inda ya kamata masu kula da yawon buɗe ido su tsaya su duba da kyau shi ne yadda gasar wannan wasa take tara baƙi, domin ta sha bamban da ƙwallon ƙafa. Idan ƙungiya ta zo buga wasa a filin Giginya, mota ɗaya ce, kwana ɗaya ne, da an hura usur na ƙarshe sun kama hanya. Gasar fikilbol kuwa yawancin masu shigarta ba ƙwararru ba ne, ma'aikata ne da 'yan kasuwa da 'yan fansho, kuma su ke biyan kuɗin rajista da na mota da na masauki daga aljihunsu. Ana karkasa su bisa shekaru, har da rukunin 'yan sama da 50 da 60 da 70, a kuma sake karkasa su bisa ƙwarewa, ta yadda kowa zai sami tsaransa. Da yake ana buga ta 'yan ɗai-ɗai yau, ta 'yan bibbiyu gobe, mutum ɗaya sai ya kwana uku ko huɗu a gari, sau da yawa tare da iyalinsa, kuma tsakanin wasa da wasa yana da sa'o'in da ba ya komai sai yawo da ciye-ciye da sayayya. Garin Naples na jihar Fulorida ya gane wannan da wuri. A 2016 aka fara babbar gasar Amurka a wani wurin shaƙatawa na ƙaramar hukuma da ke gefen garin, da 'yan wasa kusan 800. Hukumar yankin ta ci gaba da zuba kuɗi a wurin, wani ɓangare daga harajin da ake karɓa a kan kwanan baƙi a otal, har filayen suka haura 60, masu shiga gasar kuma suka wuce 3,000, ban da 'yan kallo. Wato kuɗin baƙo ne ya gina filin da ke ƙara jawo baƙo.

Ba sai mun je Amurka neman darasi ba. Okpekpe ƙauye ne a kan duwatsu a Jihar Edo, amma tseren kilomita 10 da aka fara a can a 2013 ya sa 'yan gudun Kenya da Habasha sun san hanyarsa. Kano ta daɗe da gasar tanis ta Dala. Maƙwabtanmu na Nijar duk shekara wata jiha ke karɓar gasar kokawa ta takobi, kuma duk wanda ya taɓa zuwa Tawa ko Dosso a lokacin ya san ko tabarmar haya tsada take yi. Bikin kamun kifi na Argungu ma, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, gasa ce aka gina wa biki. Jadawalin gasannin duniya tamkar sabuwar kasuwa yake, wanda ya riga zuwa shi ke kafa rumfa a bakin hanya, na baya sai lungu. A tanis da gudun fanfalaki rumfunan sun daɗe da cika. A fikilbol kuwa, a yammacin Afirka, har yanzu akwai wuri.

Kukanmu na farko shi ne filaye. Abin da ya sami wancan fili ba shi kaɗai ya samu ba, domin a makarantun kwana da gidajen hutawar ma'aikata da tsofaffin unguwannin gwamnati akwai filayen tanis da na badmintan da aka gina tun zamanin da ake ɗaukar wasanni da muhimmanci, yau kuma wasu sun zama juji, wasu an kafa shaguna a kansu. Duk filin da aka fasa, an yi asarar abin da ya fi komai tsada a wannan wasa, wato shimfiɗaɗɗen siminti, tun da sauran kayan, raga ce da fenti da faifai. Yaranmu yanzu a bakin wani titi marar shiga suke bugawa, duk lokacin da babur ya taho sai a ɗage raga, ƙwallon kuma saboda kaushin kwalta da zafin rana ba ta jimawa take tsagewa. Wasu daga cikin waɗanda suka fi hannu sun daina zuwa, kuma na san majalisun da suke zama yanzu, ba wuraren da iyaye za su so ba ne.

Na biyu shi ne rashin wanda za a yi wa magana. Mun rubuta takarda muka kai wani ofishi muna neman a san da zamanmu, aka ce ba a da teburin wannan wasa, a gwada na tanis. Can aka ce wannan ai ɗan'uwan ƙwallon tebur ne, can kuma aka ce tun da akwai zancen baƙi, na masu yawon buɗe ido ne. Takardar tana can wani wuri, ko amsar an karɓa ba mu samu ba. Illar wannan a fili take. Babu wata ƙungiyar ƙasa ko ta waje da za ta ba gari gasa idan babu hukumar da za ta sa hannu, babu alƙalan wasa masu takardar shaida, babu kuma adireshin da za a aika wa wasiƙa. Su kansu masu son tallafawa da faifai da ƙwallo, abin da suke fara tambaya shi ne wa ke tsaye a kan abin a hukumance.

Na uku ya fi nauyi, kuma ya girmi fikilbol. Sakkwato ba ta rasa abin nunawa ba. Ga Hubbaren Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ga fadar Sarkin Musulmi, ga masallacin Shehu da na Bello, ga gidan tarihi na Waziri Junaidu da rubuce-rubucen da ke cikinsa, ga Wurno inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake kwance, ga kufan Surame da na Alƙalawa ga mai son tarihin da ya gabaci jihadi. Fatar jan akuyarmu ta ƙetare Sahara tun ƙarnoni, Turawa suka saye ta da sunan fatar Maroko. Da duk wannan, baƙonmu ba ya kwana. Ya zo ziyara da safe, ya yi addu'a, ya sayi kilishi a tasha, kafin magariba ya kusa Gusau ko Birnin Kebbi. Wani baduku a Madunka ya nuna mini jakunkuna da filalla na ado da suka yi wata da watanni a rataye, rina ta fara koɗewa, ya ce da ni shi ba taimako yake nema ba, a kawo masa mutumin da zai zauna a garin har ya sami lokacin taya kaya. Masu tsara wasanni suna nasu, masu tsara yawon buɗe ido suna nasu, ba mu taɓa jin sun zauna sun fitar da jadawali ɗaya ba, alhali gasa ita ce ke ba baƙo dalilin kwana, tarihi kuma shi ke cika masa yini.

Sai maganar dattawa da mata, waɗanda tsarin wasanninmu ya manta da su. Hawan jini da ciwon suga sun yi yawa a gidajenmu, kuma wannan wasa ne da mai shekara 60 zai iya. Mata kuma suna iya buga shi a cikin zaure rufaffe, su kaɗai, da suturarsu cikakkiya. A waje ana haɗa namiji da mace a rukuni guda, mu ba dole sai mun yi haka ba, kuma gasa ba ta rushewa don an bar wannan rukuni.

Na san abin da za a ce, kuma gara in faɗe shi da kaina. Za a ce wane baƙo ne zai zo alhali ana fama da 'yan bindiga a gabashin jiha, ga kuma abin da ke faruwa a yankin Tangaza da Gudu. Gaskiya ne, kuma duk wanda ya ce muku Turawa za su cika jirgi su sauka a filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a shekarar farko, yaudararku yake yi. Baƙinmu na farko 'yan Kebbi ne da Zamfara da Katsina da Kano da Abuja, sai 'yan'uwanmu na Birnin Ƙonni da Tawa da Maraɗi da Yamai. Daga nan zuwa Illela bai kai kilomita 100 ba, kuma ranar da ɗan wasa ya tsallako daga Ƙonni ya yi rajista, gasar ta zama ta ƙasa da ƙasa, harshe ɗaya, abinci ɗaya. Gasar kuma a cikin birni za a yi ta, a wuri guda mai katanga, wanda ya fi sauƙin tsarewa a kan kowane taron kasuwa. Za a kuma ce wasan baƙo ne, ga dambe ga kokawa ga langa. Mu ma 'ya'yansu ne, kuma a ganinmu da su za a rufe kowane yini na gasar, domin abin da baƙo zai ɗauka a waya ya nuna a gida ke nan. Haka nan ba zan ɓoye muku ba, fikilbol bai shiga wasannin Olimfik ba, kuma ƙungiyoyin da ke jagorantarsa a duniya sun daɗe suna ja-in-ja a kan wace ce uwa. Wannan dalili ne na taka-tsantsan wajen zaɓen wanda za a ƙulla yarjejeniya da shi, shi ya sa ma ba mu roƙi a gina sabon katafaren fili ba.

Ga abin da muke roƙo. A dakatar da fasa ko sauya duk wani filin tanis ko na badmintan mallakar gwamnati har sai an zagaya an ƙidaya su an san halin da kowanne yake ciki, aikin da malaman wasanni za su iya yi kyauta idan aka ba su takardar izini. A cikin waɗanda aka samu, a zaɓi biyu ko uku da ke kusa da juna a cikin birni, a gyara daɓensu, a ja layi, a sa fitilu masu aiki da hasken rana, domin daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, wasa sai da asuba ko da dare. A kewaye su da abin da zai tare iska, tun da ƙwallon ba ta da nauyi kuma iskar hunturu takan ɗauke ta. Filin tanis biyu kaɗai sun ba mu filaye takwas, waɗanda sun isa gasar yanki. A kuma buɗe mana wani zaure a wasu ranaku na mako domin mata.

Muna roƙon a naɗa jami'i guda, mai suna da ofishi, wanda wannan wasa zai zama a ƙarƙashinsa, ya rubuta wa Hukumar Wasanni ta Ƙasa a Abuja, ya nemo masu horar da alƙalai da masu koyarwa. Malaman ƙwallon tebur da badmintan da tanis da muke da su, da ɗaliban sashen motsa jiki na Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ba za su ɗauki dogon lokaci ba kafin su iya, domin hannun ɗaya ne. Ba kwamiti muke nema ba, mun ga yadda kwamitoci suke ƙarewa.

Roƙon da ya fi girma shi ne a ba mu mako guda a cikin hunturu, tsakanin Disamba da Fabrairu, a tsayar da shi a jadawalin jiha, a sanar da shi tun watanni shida kafin lokaci, kuma kada a riƙa ɗaga shi, saboda mai biyan kuɗin tafiyarsa da kansa ba ya yafe wa garin da ya sauya masa rana. A duba kada ya faɗa cikin azumi, idan kuma shekarar ana bikin Argungu, a matso da shi kusa domin baƙo ya ci biyu a tafiya ɗaya. Masu kula da yawon buɗe ido su zauna da masu otal a tsayar da farashi mai rangwame ga duk mai katin gasar, a tanadi mota da ɗan jagora masanin tarihi da zai kai baƙi Hubbare da gidan tarihi cikin ladabin da wuraren suka cancanta, a ba dukawa da masu kilishi rumfuna a bakin fili ba tare da an tatse su da kuɗin wuri ba. Jakar faifai da kyautar waɗanda suka yi nasara ma a ba Madunka su ɗinka da fata. Bayan an tashi, a ƙidaya baƙi nawa suka zo, dare nawa suka kwana, nawa suka kashe, a buga sakamakon kowa ya gani. Idan lissafin bai fita ba bayan an gwada shekara biyu ko uku, ku janye hannunku, filayen kuma sun rage wa yaran gari.

Dangane da filin da aka jibge wa yashi, har yau ba a fara ginin ba, bulon yana nan a jere, layukanmu ma ana ganinsu ta gefe. Muna roƙon wanda ke da iko a cikinku ya sa baki a nema wa motocin wani wuri, mu kuma mun ɗauki nauyin kwashe yashin da kanmu a ranar da aka ba mu izini.

Allah ya taimake ku, ya ba jiharmu zaman lafiya. Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Tsohon malamin wasanni, a madadin 'yan fikilbol na birnin Sakkwato